Akusan Inna da Ƙofofi Bakwai

Shekarar da albasa ta ruɓe mana a rudu, rumfar da muke ajiye ta, ita ce shekarar da 'yan fim suka zo garinmu. Ba na riƙe lissafin shekarun boko, amma wannan ba ta ɓace mini, domin warin ruɓaɓɓiyar albasa ya fi wata guda yana bin mutum har cikin masallaci. Ruwa ya sauko da wuri kafin dillalai su iso daga Bodinga, zafi da laima suka haɗu, abin da muka tara don mu sayar mu sayi hatsi ya koma taki. Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin labarin fim ɗin nan a bakin mutane. Wasu sun ce muku 'yan birni ne suka cuce mu. Wasu kuma, marasa jin kunyar kabari, sun ce kakarku ce ta so a san ta. Duka biyun ba haka ba ne. Na koyi rubutu da furfura a gemuna, kuma rabin dalilin ke nan, don in ajiye muku yadda abin ya kasance.

Sai na fara da akusa, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Mahaifiyata, Inna Kulu, tana da baƙaƙen akusa guda bakwai, duk sassaƙar mutum ɗaya, babu zane babu alama. Kowace damina, daga lokacin da rumbuna suka fara amsa kuwwa har ranar da tumu ya fito, takan tuƙa tuwon dawa a babbar tukunya, ta kaɗa miyar kuka ko ta yakuwa da daddawa, ta zuba a akusan nan ta rufe da faifai. Ana kai su gidaje bakwai da ita ta san hatsinsu ya ƙare. Yadda take sani kuwa, kunne take kasawa: gidan da aka kwana biyu ba a ji turmi ba, ta san abin da ake ciki. Da hantsi ake kaiwa, sa'ad da gari ya watse gona. Kuma ba a taɓa cewa ga sadaka. Mai kaiwa zai yi sallama a zaure, ya ajiye, ya ce, "Inna ta ce a ɗanɗana mata gishiri." Ke nan su ne suka yi mata alfarma. Washegari akushi ya dawo a wanke, tare da hukunci: gishiri ya ji, ko ya ɗan yi yawa, ko a ƙara. Ita ke kaiwa da kanta har gwiwoyinta suka gaza, daga nan aikin ya dawo kaina.

Cikin masu hukuncin nan babu kamar Malam Buhari. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, shi ke jan salla in liman ba ya nan, kuma a da yana cikin manyan manoman albasa, kafin ciwon baya ya kwantar da shi damina biyu a jere, fadamarsa ta fita hannunsa. Mutum ne mai tsabtar riga. Ko ranar da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, za ka gan shi a sahun gaba da rawani a naɗe tsaf. Bayan sallar Magariba yakan jira a ragu, ya matso kusa da ni yana neman takalmansa, ya ce ƙasa-ƙasa:

"Garba, ka ce ma Inna daddawar yau ta danne kukar."

In na kai saƙon, Inna takan taɓe baki ta ce, "Shi dai wanga Malam, harshenai ya fi na mata tsini." Amma gobe sai in ga ta rage daddawa.

A daminar da nake ba ku labari, mu ma rumbunmu ya yi ƙasa. Uwarku Hajo ta auna abin da ya rage da ido, ta ce mini in dai tukunyar Inna za ta ci gaba, ba za mu ga tumu ba sai mun shiga sahun masu ɗanɗana gishirin wani. Ana cikin haka wani malamin asibiti da aka turo mana daga Sakkwato ya zo mini da ƙanensa, Nura. Ashe malamin asibitin ya daɗe yana lura da ni da akusa ta tagar ɗakin shan magani, ya ba ƙanen labari, shi kuwa sana'arsa shirya fim. Nura saurayi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gai da Inna. Ya ce yana son ya yi fim a kan wata tsohuwa mai ciyar da gari don Allah, a ɗauka a gidanmu, da murhunmu da akusanmu, kwana huɗu kacal. Ya ce za su zo da buhun dawa biyu na girkin. Ni buhu biyun nan na ji, sauran maganar ta bi iska. Ya kawo wata takarda ya karanta mini, na dangwala yatsa.

Inna ta yarda, amma da sharaɗi. Nura ya yi mata bayani cewa ba sai an cika akusa ba, faifai zai rufe, mai kallo ba zai san babu komai a ciki ba.

"Ɗana," in ji Inna, "ni ban tuƙa tuwon wasa. In an hura wuta an ɗora tukunya, to, ciki za shi."

Nura ya yi dariya ya ce ya ji ya yarda. Sai ya juyo gare ni ya ce in zaɓo ƙofofin da 'yar wasan da za ta fito a matsayin tsohuwar za ta bi. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan ne gaskiyar take. Cewa ya yi, kowace ƙofa ta yi, ko ta 'yan'uwana, ko ta kango, su dai hoto suke so. Na tsaya ina kallon akusa bakwai cike da tuwo yana tururi. Na san akwai gidaje bakwai da ke sauraren sallamata a daidai wannan hantsin, kamar jiya, kamar shekaranjiya. In kai abinci ƙofar ƙoshi don a yi hoto, na yunwa suna jira, zuciyata ta ƙi. Kuma na ce a raina, fim ai birni yake zuwa, wa ya san ƙofar Malam Buhari a Sakkwato? Sai na shige gaba, suka bi ni, hanyar da na saba bi, gida bayan gida.

"Masu gidajen sun san da zuwanmu?" Nura ya tambaye ni a ƙofa ta biyu.

"Mutanena ne," na ce masa.

Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Mazan suna gona, matan da suka amsa sallama daga ciki na ce musu baƙi ne ke ɗaukar hoton gari. Maganar gishiri ma ni na koya wa 'yar wasan, da bakina, ina jin daɗi kamar ni na ƙirƙiro ta. Kwana huɗu suka yi suka tafi. Dawarsu ta kai mu har tumu, babu gidan da akushi ya yanke wa. Na yi ta gode wa Allah, ina ganin na yi dabara.

Fim ya fito gab da azumi. Farkon abin da muka ji a rediyo ne, a wani shiri da ake tara masu ilimi su tattauna. Mutum uku aka gayyato, na kasa kunne a zaure kamar ana shari'ata. Wata malama ta ce fim ɗin ya nuna cewa hannun mata ne ke riƙe da ƙauye, ta ce wurin da tsohuwar ke murza kuka ya sa ta hawaye. Wani mai kaushin murya ya ce shi bai gamsu ba, an mai da yunwa abin sha'awa, an nuna tuwo yana tururi amma ba a tambayi dalilin da ya sa manomi ke rasa hatsi da damina ba. Na ukun malamin addini ne, ya ce niyya mai kyau ce, sai dai yana tsoron a koya wa mutane sadakar nuni. Suka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙare. Kowannensu ya faɗi wani abu na gaskiya, amma babu wanda ya ambaci ƙofa, don a wurinsu ƙofa ƙofa ce.

Ba a yi mako ba masu tura fina-finai a kasuwar Bodinga suka fara zuba shi a wayoyin mutane. Ranar da ya iso gidanmu a wayar ƙanen Hajo, mata suka cika tsakar gida. Da farko dariya aka sha. 'Yar wasan ta riƙe muciya kamar mai tuƙa jirgin ruwa, ga farce zaƙo-zaƙo.

"Wagga in ta tuƙa ma miji tuwo, gudaji za su kashe shi," in ji wata maƙwabciya.

"Ku dubi yadda ta ka kwasa," Hajo ta ce. "Malmala ɗaya kamar kan jariri, ɗaya kamar ƙwan zabo."

Inna ma tana dariya har tana share ido. Sai tsohuwar fim ta ɗauki akushi ta fita. Aka nuno wata ƙofa ta buɗaɗɗen gwangwanin man gyaɗa, an shafe ta da shuɗin fenti, ga fasasshen turmi a kife a gefe. Dariyar ta ɗauke. Babu wadda ba ta san ƙofar nan ba, ta Malam Buhari ce. Inna ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da idonta, ta kalla har ƙofa ta bakwai. Sannan ta miƙa wa mai ita, ta jira mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana sallama ƙasa-ƙasa.

"Garba," ta ce, "shekara nawa kana kai akusan ga?"

Na ce sun kai goma.

"Cikin goman ga, ka taɓa jin na faɗi sunan gida ɗaya, ko ga Hajo?"

Ba ta ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A majalisar mai shayi kuwa wani irin kallo aka yi masa. Ba labarin suke bi ba. Tsayar da hoton suke yi a kowace ƙofa, a matso da shi, a yi gardama, wannan ta wane ce, a'a, dubi darbejiyar, ta wane ce. Ba zan ce mugunta ce zalla ba. Da yawansu sun daɗe suna zato, amma zato daban, gani a waya daban. Abin da kowa ke kawar da kai a kansa ya zama abin nunawa da yatsa. Na kira Nura ta hannun yayansa, ya ji ba daɗi ƙwarai, ya ce zai yanke wuraren. Ya yanke a nasa. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane daga Bodinga har Shagari, babu almakashin da zai kai gare shi.

Ni da kunnena na ji abin da ya karya Malam Buhari. Ranar kasuwar Bodinga ce, yana tsaye a rumfar masu hatsi yana taya mudun gero, yana cewa ya yi tsada. Wani dillalin albasa, wanda a da yake rusunawa in zai karɓi kayansa, ya leƙo daga bayan buhuna yana murmushi.

"Allah gafarta Malam, yaya dai, gishiri ya ji?"

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, ba da ƙarfi ba. Malam Buhari ya zuba geron da ke tafin hannunsa a kwano, ya kakkaɓe hannu, ya gyara rawani, ya wuce. Ina nan tsaye riƙe da igiyar akuya. Tun daga ranar ya daina shiga sahun gaba. In liman ba ya nan, sai ya makara da gangan har wani ya shige.

Da damina ta zagayo, Inna ta sa aka wanke akusa, ta tuƙa kamar kullum. Na ɗauka na fita da hantsi. Gari ya watse gona, amma ji nake kamar kowace katanga tana da ido. Kafin azahar akusa biyar suka dawo, faifansu ko motsawa bai yi ba. Gida biyu ne suka karɓa, na wata gwauruwa makauniya da na wani tsoho da ya ce shi ya wuce jin kunya. Kashegari haka, wanshekare haka. Inna ba ta rage tukunya ba har kwana tara, tuwo yana dawowa muna ci da ɗumame har ya gundure mu. Kuma turmi shiru yake a gidajen nan biyar, tana ji, ina ji.

A rana ta goma na ɗauki akushi na tafi gidan Malam Buhari bayan la'asar, lokacin da na san yana nan. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya amsa sallamata, ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa har da tambayar gwiwar Inna. Na ajiye akushi a tsakaninmu. Ban ce a ɗanɗana gishiri ba, bakina ya ƙi. Na ce na zo neman gafara, na faɗa masa duk yadda aka yi, har da cewa an ba ni zaɓin wata ƙofa na ƙi.

"Na yafe ma, Garba," ya ce. "Tun ranar kasuwa na yafe, don kar in kwana da kai a zuciya."

Na ce to ya karɓa, ko don yara.

Ya daɗe yana juya ƙotar a hannunsa. "Kai kana zaton ban san mi a cikin akushin ga ba? Shekara goma sha ɗaya ina aika ma Inna hukunci. Gishirinta bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Na san ta sani, ita ma ta san na sani. Ɗan abin da munka rufe tsakaninmu ke nan, shi ka sa in ci in tashi in ja mutane salla. Yanzu in na buɗe faifan ga, mi za ni ce a gaya mata?"

Ya ce in gai da ita, in ce Allah ya saka. Na ɗauko akushina da nauyinsa na dawo. Kafin tumu ya fito ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa a Mandera, ya bar geronsa a tsaye wani ɗan'uwa ya girbe masa. Ƙofar shuɗin fentin nan tana nan har yau da kwaɗo, kun sha wucewa ta gabanta.

Bayan tafiyarsa ne na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bodinga, kwana uku a mako, in hau a-kori-kura in an samu, in ba a samu ba in taka. An ce mini mutane suna ta rubuce-rubuce a ƙarƙashin fim ɗin a waya, ni kuma na ƙudurta sai na karanta da idona, ko akwai wanda ya ga abin da muka gani. Na fi shekara biyu kafin in iya haɗa jimla ba tare da na bi ta da yatsa ba. Malaminmu ya buɗe mini, na zauna a kan benci bayan an tashi, na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. Masu yabo sun fi yawa. Wannan ya ce ya tuna da kakarsa, wancan ya ce da haka Musulmi suke da an zauna lafiya. Masu suka sun ce labarin yana tafiyar hawainiya, wata ta ce ba a kaɗa miyar kuka haka. Wani ya rubuta cewa maganar gishirin nan ƙirƙira ce, babu ƙauyen da ake irin wannan kara. Na daɗe a kan nasa. Na so in ba shi amsa, sai na ga a lokacin da yake rubutawa ya riga ya yi gaskiya. Takardar da na dangwala wa yatsa ma na nemo na karanta. Babu algus a ciki, abin da Nura ya karanta mini shi ne a rubuce.

Inna ta ƙara damina uku tana tuƙa na gida biyu a ƙaramar tukunya. Ba ta sake tambayata labarin kowa ba, amma da hantsi nakan gan ta zaune a bakin ɗakinta ta karkata kai, tana sauraren turamen gari. Ta rasu ana tsakiyar girbi. Ranar addu'ar uku sai ga Malam Buhari ya sauko daga mota, ya rame, rawaninsa tsaf kamar da. Ya yi mata addu'a mai tsawo. Da aka fito da abincin baƙi, Hajo ta zuba nasa a ɗaya daga cikin baƙaƙen akusan, ban sani ba ko da gangan ta yi. Na ajiye a gabansa ina jiran ya ture. Ya kalli akushin, ya ɗaga faifai, ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya. Ya tauna a hankali. Sannan ya matso kusa da ni, kamar yadda yake yi a ƙofar masallaci.

"Ka ce ma Hajo a ƙara kaɗan," ya ce. "Ba hannun Inna ba ne, amma za ta kai."

Ya rufe faifan, bai ƙara ta biyu ba. Da la'asar ya koma Mandera, kuma can ya rasu bara.

To, ga lissafin, don kada wani ya ƙara muku ko ya rage. Buhun dawa biyu muka samu, muka cinye a damina ɗaya. Gidaje biyar sun daina karɓar akushi, kuma yunwarsu ba ta daina zuwa ba. Masallacinmu ya rasa mai jan salla, ni na rasa mai jirana wajen takalma. Inna ta yi damina uku tana jin shirun turmi ba ta da abin yi. Maganar gishiri ta zama abin tsokana a kasuwa, babu mai iya faɗinta a zauren kowa yanzu. Akusa bakwai suna nan a ɗakin uwarku, biyu suna fita, biyar tana ajiye irin wake a ciki. Ba 'yan birni suka jawo ba, ba kakarku ba. Ni na shige gaba, suka bi ni.